Injiniya Manzo da Muryar Kaka Tanne

A Filinge babu wanda ya naɗa Manzo injiniya. Shi ya naɗa kansa, mu kuma muka amsa, don mu mutane ne masu son a yi abu a gabanmu ko da ɓarna ce. Ya taɓa zuwa Yamai koyon aikin kwamfuta, ya dawo tun malamin bai kai rabi ba, yana cewa ragowar duk maimaici ne. Halinsa ke nan tun yana yaro, da ya ji farkon magana sai ya ce ya gane, ƙarshenta kuwa sai dai ka faɗa wa bango. Rediyon mahaifinsa da ya kwance har yau yana cikin kwando gunduwa-gunduwa. Fankar masallacin unguwa da ya gyara tana juyawa dai, amma rufi take yi wa fifita, masallata na ƙasa suna zufa. Duk da haka, in ka same shi a fadar shayin Moussa yana ba da labari, sai ka rantse shi ya kawo wutar lantarki garin.

Abin taƙamarsa kwamfuta ce ta tafi-da-gidanka, wadda mu a nan muke kira ordinatar. Ranar da ya je saye a Yamai, mai shagon ya ajiye masa guda biyu. Ɗaya mai kauri, da ƴar ƙofa a ƙasanta wadda ake buɗewa a ƙara mata ƙarfi in buƙata ta taso. Ɗayar kuma siririya mai sheƙi. Mai shagon ya fara yi masa bayanin abin da ya raba su, Manzo ya ɗaga masa hannu ya ce mai kaurin ta masu auna hatsi ce, shi ba zai shiga Filinge da abin da ya yi kama da murfin tukunya ba. Ya rungumi siririyar ya fito, mutumin na bayansa yana "amma", shi kuwa har ya tsayar da taksi.

To, a cikin siririyar nan akwai abu guda da duk dangi ke jira. Kakarsu Tanne, uwar mahaifinsu, ta rasu a damina, lokacin Kubura ƙanwar Manzo na da ƙaramin ciki. Tsohuwar ta san ba za ta ga abin da za a haifa ba. Wata rana ta sa Manzo ya ɗauke ta a waya, ta yi wa jaririn waƙar raino, ta sa masa albarka, ta kuma yi wasiyya kada Kubura ta ji sai ranar suna, a gaban kowa. Manzo ya juye hoton a kwamfuta, ya goge na wayar, yana cewa waya ba wurin ajiyar abu mai daraja ba ce. Ke nan muryar Kaka Tanne ba ta ko'ina a duniya sai cikin siririyar nan.

Akwai kuma abin da Manzo kaɗai ya sani. Ranar ɗaukar, kafin tsohuwa ta fara waƙa, ya daɗe yana jujjuya wayar yana neman inda zai jingina ta a jikin turmi, ita kuwa ta zauna tana jero masa ɓarnarsa ɗaya bayan ɗaya, tun daga rediyo har fanka, duk waya na ɗauka. Tana fara waƙar ya yi zuciya ya fice ya bar ta, sai daga baya ya dawo ya ɗauki wayarsa. Tun ran nan bai taɓa kallon hoton ya wuce wurin faɗan ba. Da Kubura ta sauka lafiya ta sami ɗiya mace, ya tuna duk ƙasarmu ta Kurfai za ta taru ta ji kakarsa na wanke shi tas, sai ya ce a ransa dole a datse farkon nan. Amma duk sanda ya buɗe manhajar yanka hoto, sai kwamfutar ta sandare, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskarta har ya gaji ya kashe.

A fada bai faɗi haka ba. Cewa ya yi muryar Kaka na sarƙewa in an kunna, kuma shi ba zai yarda tsohuwar da ta goya shi ta yi in'ina ranar suna ba. Ya karɓi kofin shayi, ya gyara zama, ya yi mana karatu. Ya ce a cikin ordinatar akwai abu biyu. Akwai diski, shi ne rumbu, can ake ajiya. Akwai memuwar, ita ce masussuka, can ake baza abu a yi aiki. In masussuka ta yi ƙaranci, ko rumbunka ya kai gidan sama, aiki ba ya tafiya. Maganin kawai a sayo wani ɗan falle da ake kira baret a ƙara. Muka jinjina kai, don gaskiya bayanin ya zauna, har Moussa ya ƙara masa kofi.

Moussa ya ce, "To ba ka kai ta Yamai su sa maka?"

Manzo ya ce, "Ni? In kai ma ƴan Yamai? Su wa sunka koya musu? Aikin ga ko da ido rufe ina yi nai."

Ranar kasuwar Baleyara ya bi motar ƴan awaki ya tafi. Can bayan masu igiya da akala ya sami wani mai tebur yana sayar da caja da batura, a gefe kuma ga faranti cike da baret da aka ciro daga tsofaffin injunan ofis, gajeru da dogaye. Mai teburin ya tambaye shi wace irin na'ura ce za a sa wa. Manzo ya ce masa shi dai ya turo farantin. Sai ya zauna ya yi zaɓe yadda mahaifinsa ya koya masa zaɓen irin gero: a ɗauki zangarniya mafi tsawo, mai ido cike gaba da baya. Ya ɗaga wata doguwa ta kusa kai taƙi, baƙaƙen ƙwayoyi jere a jikinta ta kowane gefe, ya auna ta a tafin hannu, ya ce wannan ita ce uwar iri. Mai teburin ya buɗe baki zai yi magana, Manzo ya ce ya sani.

Aikin da mai hankali zai yi a ɗaki ya rufe ƙofa, Manzo a gindin bishiyar bedi ta fada ya shimfiɗa tabarma ya yi shi, da la'asar, bayan ya aika an gaya wa mutane. Muka taru. Ya kife kwamfutar, ya ciro ɗan sukundireba ya fara kwance ƙusoshin, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Da ya rasa inda zai zuba su, sai ya jawo wani kofin shayi da ke gefe ya zuba a ciki. Moussa da ke hira bai lura ba, ya jera kofuna ya tsiyaya na biyu, ya miƙa wa Tahiru maƙeri. Tahiru ya kurɓa, ya tsaya, ya tauna, ya tofo ƙusa a tafinsa ya ce shi dai tunda yake shan shayi bai taɓa jin mai tsakuwa ba. Aka tace shayin da bakin rawani aka tsamo sauran, amma ba duka ba, kuma Tahiru ya ce shi ba ya bin bashin abin da ya riga ya wuce maƙogwaro.

Murfin ya ƙi ɗagowa. Manzo ya zura wuƙar yankan sukari ya banƙare, wani abu ya ce ƙas, ya ce mana wannan ƙarar ita ake nema. Muka leƙa ciki. Babu ƙofa, babu gurbi, babu inda doguwar zangarniyar nan za ta kwanta. Duk abin da ke ciki a manne yake, ban da wani ɗan falle guda, siriri kamar tsinken goge haƙori na roba, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi. Gumi ya ɗan tsatso wa Manzo a goshi, amma da ya ga ɗan fallen sai ya washe baki, ya kwance shi ya ɗaga sama kowa ya gani.

Ya ce, "Kun ga mugun. Wanga ɗan tsugul shi na tsohuwar memuwar. Shi ka hana ruwa gudu. Ba ya da wani amfani."

Daidai nan Kyauta ta iso. Kyauta ɗiyar gwaggonsa ce, taubashiyarsa, tana aure a Tabla, ta zo barka za ta koma. Duk wanda ya san wasan taubasai a ƙasar nan ya san ba a kushe abu a gabansu, don in ka ce ba ka so sun samu, in kuma kana so sai ka fanshe. Ta miƙo hannu ta saman kawunanmu ta zare ɗan fallen daga yatsunsa.

Ta ce, "Tunda ba ya da amfani, ya yi kama da mai shi. Na ɗauka, bawana."

Manzo ya yi dariya ya ce ta je ta yi sakace da shi. Ta ƙulle shi a bakin zanenta ta wuce tasha.

Saura sa sabuwar. Ya gwada ta tsaye, ya gwada ta kwance, ya gwada ta karkace. Gurbin da ya ciro ɗan fallen bai fi faɗin farce ba, baret kuwa ta ninka shi sau da yawa. Wani ya ce ko dai ba tata ba ce. Manzo ya dube shi da tausayi, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an sayo ƙotar da ta shiga hauya ba a sassaƙe ta ba. Ai ba ƙarfen ake faɗaɗawa ba, itacen ake ragewa. Muka ce wallahi haka ne. Tahiru ya ce shi ba ya yanka abin da bai san sunan ubansa ba, amma zai ba da aron zarto. Manzo ya taka baret da ƙafa ya raba ta biyu, ya goge bakin rabin da magagari har ya yi tsini, ya cusa. Allah ya rufa asiri ba ta shiga ba, bakinta kawai ta ɗora. Ya danne ta da salatif, ya mayar da murfi, ya ɗaure da ƙusoshin da suka tsira daga shayi, ya ce mu matsa baya.

Ya danna. Fuskar ta yi haske, muka yi kabbara. Sai ta koma baƙa ƙirin, da layi ɗaya na rubutun nasara a can sama. Ya kashe ya kunna, layin nan dai. Ya hura mata iska, ya girgiza ta, layin nan dai. Ya ce mana haka suke yi, wanda aka yi wa aiki a asibiti ma ai ba ya tashi ya yi kokawa ran nan, sai ta kwana ta saba da sabon jini. Da ya ga Baba Ɗangoma, dattijon da ke riƙe da bori a unguwarmu, yana kallo daga kan kujerarsa, sai ya ƙara da cewa wataƙila ma da aka buɗe ta a fili wata iska ce ta shige.

Baba Ɗangoma ya ce, "A'a ɗana, kak ka jawo su cikin wagga magana. Iskokin da ni sani ba su hawan abin da ba ya da jini. Kuma ni ban ga iska da zarto ba, kai ni gani."

Washegari da safe ta kwana, ba ta saba ba. Manzo ya rufe ƙofa, ya ciro waya ya nemo hoton bidiyon wani Bafaranshe da shi Manzo ya koyi aikin a wurinsa, wanda a da ya kalli farkonsa ya ce ya gane. Wannan karon ya bar shi ya ci gaba. Mutumin ya gama nuna yadda ake yi wa masu kauri, sai ya ɗaga yatsa ya ce a kula: sirara irin na zamani memuwarsu a like take tun daga masana'anta, ba a ƙara ta ba a rage ta, shi ya sa ake tambaya tun wurin saye. Ɗan fallen nan mai ƙusa ɗaya kuwa kada a kuskura a taɓa shi, shi ne diski, duk abin da ka mallaka yana cikinsa.

Manzo ya ajiye wayar a hankali. Rumbun ya cire ke nan, ya ɗaga shi gaban jama'a ya ce ba shi da amfani, kuma yanzu kakarsa na ƙulle a bakin zanen Kyauta a Tabla. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce wa kansa, kai Manzo, garin gyaran gira ka tsone ido, kuma idon ma ba naka ba. Da ya shiga gaida mai jego, Kubura na zaune da jaririya a cinya, ta ce masa tun jiya take mafarkin Kaka, ta ƙagu ranar ta zo ta ji muryarta ko sau ɗaya. Ta tambaye shi ko komai lafiya. Ya ce lafiya lau, har ma an ƙara wa Kaka ƙarfi.

Ana gobe suna ya ari babur ya nufi Tabla da farar rigarsa. Ya sami Kyauta tana daka a tsakar gida da maƙwabtanta mata. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gona, ya tambayi awaki, sannan ya ce af, ɗan abin nan na ran nan, kamfani ne ke son a mayar musu da tsofaffin. Kyauta ta ce kamfanin su zo da kansu. Ya ce to gaskiya abin yana da guba, bai kamata ya zauna kusa da yara ba. Ta ce ai shi ya ce ta yi sakace da shi. Ta jingina taɓarya ta dube shi sama da ƙasa, ta ga yadda leɓensa ya bushe.

Ta ce, "Bawana, mi ac ciki nai? Hwaɗi gaskiya gaban matan ga, in ba ka."

Gaskiyar ta taso masa har maƙoshi. Ya dubi matan, su ma sun tsayar da daka suna jira. Ya haɗiye ta ya ce babu komai ciki, shi dai tsabtar aiki ce ta sa.

Kyauta ta ce to tunda babu komai, ta jefa shi cikin rumbu don an ce ɓeraye na tsoron kayan nasara. Kafin ta rufe baki ya jingina tsani ya ɗaga murfin ya dira ciki. Ya yi ta ɗaga dammunan gero yana lalube a cikin duhu, ƙaiƙayi na shiga masa wuya da hammata. Da ya gaji ya ɗago kai, tsani ya tafi. Kyauta na ƙasa tana tambayarsa ko ya tuna abin da ke cikin ɗan fallen. Ya ce shi fa ya gaya mata. Ta ce to ya ƙara dubawa, ta koma dakanta. Matan suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna gaida injiniya da aiki, wata ma ta tambaye shi ko zai duba mata nata rumbun in ya gama. Sai da mijinta Zaidu ya dawo daga gona ya mayar da tsanin, yana ba shi haƙuri yana danne dariya. Manzo ya hau babur yana susa da hannu ɗaya, farar riga ta koma ruwan ƙasa, bai samo komai ba.

Ranar suna gida ya cika. An zo daga Tabla, an zo daga Damana, har da dangin da rabonmu da su tun zaman makokin Kaka. Liman ya raɗa suna, aka mayar da sunan tsohuwa, aka raba goro da dabino. Manzo na tsaye cikin sabuwar shadda, wuyansa duk ya yi ruɗu-ruɗu da susa, yana amsa barka kamar wanda ake yi wa ta'aziyya. Ana cikin haka taubasai suka taso da wasansu, Kyauta a gaba. Ta ce ta kawo wa kawun jaririya tukuici, ta ciro wata sabuwar laya da baduku ya ɗinka da jar fata, ta rataya masa a wuya. Ta ce layar hankali ce, an daɗe ana nema masa sai yanzu aka dace. Aka yi dariya, shi ma ya yi yaƙe, hankalinsa na can kan abin da ke tafe.

Da hantsi aka jawo tebur tsakar gida, aka haɗa lasifikar da aka aro. Mata suka cika rumfa, maza suka tsaya bakin zaure, aka fito da Kubura ta zauna gaba da jaririya. Manzo ya ɗauko siririyar ya ajiye. Har a lokacin yana fatan wani abu ya faru, ko a ɗauke wuta, ko hadari ya taso, ko ragon suna ya tsinke. Babu abin da ya faru. Ya danna, baƙar fuska ta fito da layinta.

Ya ce zafi ne ya yi mata yawa, aka kawo mafici. Ya ce wayar lasifikar ce, aka sauya. Ya ce wutar yau ba ta da nauyi. Tahiru daga bakin zaure ya ce ko ƙusar da ke cikinsa ce ake nema, a ba shi zuwa gobe. Dariya ta fara tashi ta gefen maza, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga fuskar Kubura. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dai dube shi.

Ta ce, "Yaya, Kaka tana nan ciki?"

Duk ƙaryar da ya tanada ta watse. Ya ji kunya, ya ji tausayin ƙanwarsa, ya ji ya tsani bakinsa. Ya ce, a gaban Kurfai duka, "Ba ta nan, Kubura. Ni na hidda ta da hannuna, na ce ba ta da amfani. So ni kai in yanke inda take yi min hwaɗa, don kar ku ji. Ban san abin da ni kai ba, ban taɓa sani ba."

Kyauta ta taso daga cikin mata tana gyara ɗaurin kallabi, ta ce wannan maganar ai da jiya ya yi ta da bai sha ƙaiƙayi ba. Ta ce Kaka tata ce ita ma, tun da ta ga injiniya ya dira rumbu da farar riga ta san abin ba na yarwa ba ne. Sai ta nuna ƙirjinsa da baki.

Ta ce, "Tun da sahe kana ɗauke da ita, kana nema."

Manzo ya dafa layar. Ya ji tsawonta, ya ji sirantarta. Ya nemi reza, wasu tsofaffi suka ce subhanallahi, ba a farke laya. Baba Ɗangoma ya ce wannan ba rubutun malam a ciki, ba kuma ta borinsu ba ce, a farke. Manzo ya tsinke ɗinkin zare ɗaya-ɗaya, ɗan fallen ya faɗo tafinsa lafiya lau. Ya buɗe murfin, ya ɓanɓare guntuwar zangarniyarsa ta Baleyara ya ajiye gefe, ya zura ɗan fallen a gurbinsa, ya shige sumul ba sassaƙa ba guga. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya danna, ya rufe ido.

Kwamfutar ta yi jim, ta yi haske, ta buɗe. Ba a yanke komai ba, ba kuma lokacin yankewa. Fuskar Kaka Tanne ta fito a karkace, rabin turmi na gefenta, muryarta ta cika lasifika.

"Kai mijin ga nau, bar jujjuya abin ga. Kai komi ka taɓa sai ya yi jinya. Ina rediyon ubanka? Ina fankar masallaci?"

Daidai nan na'urar ta sarƙe yadda ta saba, tsohuwa ta tsaya da baki buɗe, ɗan zoben ya juya, sannan ta sake cewa fankar masallaci. Liman da kansa sai da ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Mata suka riƙe ciki. Aka ji muryar Manzo a hoton yana cewa shi ya tafi, aka ga ƙafarsa ta wuce, Kaka ta bi shi da harara. Manzo na tsaye gefen tebur, ya ce a ransa gara ƙaiƙayin Tabla.

Sai ta gyara zama, ta fara tafa cinyarta a hankali.

"Yi kwana, tattaɓa-kunnena,
gero ya nuna a Kurfai.
Ban gan ka ba, na san ka,
tahin ƙahwarka irin namu ne."

Dariya ta mutu. Kubura ta rungume jaririya tana kuka ba sauti, gwaggonni na share ido da bakin mayafi, Kyauta ma ta juya baya. Tsohuwa ta gama waƙa, ta sa albarka, ta kira sunayen iyaye da kakanni, aka yi ta amsawa da amin kamar tana zaune a rumfar. Manzo ya miƙa hannu zai kashe, don a zatonsa nan ne ƙarshe. Amma Kaka ba ta gama ba. Ta leƙa ta ga ko yana kusa, sannan ta matso da fuskarta.

"Kubura, ya yi hushi ya tahi, bari in gaya miki. In abu ya ɓaci gidanki, kak ki ba shi. In bai ɓaci ba, ki ɓoye. Amma tun da ƙahwahuna sunka mutu, shi ɗai ka zakkuwa kullum shi zamna nan, shi cika min kunne da ƙarya hal in manta ciwo. In kin haihu ki ba shi ɗan shi riƙa. Ba ya da ƙusa, ba ya iya kwance shi."

Aka yi wata irin dariya mai haɗe da hawaye. Kubura ta tashi, ta zo ta ɗora masa jaririyar a hannu. Ya riƙe ta ƙam-ƙam, ya kasa ko motsi, jar fatar layar na reto a wuyansa. A fuskar kwamfuta tsohuwa na zaune ita kaɗai tana jira, tana korar ƙuda, ta dubi wayar, ta dubi ƙofa. Sannan ta ɗaga murya.

"Manzo. Zaka ka kashe abin ga."

Ya ce, "Na'am, Kaka," da ƙarfi, kafin ya tuna.

Babu wanda ya yi dariya. Moussa ya matso zai kashe masa tunda hannuwansa na riƙe da ɗiya, Manzo ya girgiza kai, ya ce a bar ta har ta ƙare.